Ƙafar Mainasara ta Dama

Kwana goma sha tara Barakatu ta yi tana jan kurkunun da ya fito wa mijinta Mainasara a idon sawun dama. Wanda bai taɓa jinyar kurkunu ba ya ja bakinsa ya yi shiru, don bai san wahala ba tukuna. Abu ne fari siriri kamar zaren saƙa. Mutum ya sha shi a ruwan kududdufi bara, bana ya huda fata ya leƙo. Ba a yi masa garaje. Kullum da safe a jiƙa wurin, a lallaɓa shi ya fito tsawon gaɓar yatsa, a naɗe a jikin ɗan kara, a ɗaure karan a ƙafa da tsumma, sai kuma gobe. In kuwa aka yi rashin sa'a ya katse, ragowar ya koma ciki ya mutu, ƙafa ta haye, mutum ya kwanta wata biyu ko uku tana ruwa. Wani ma da ɗingishi yake tashi.

Ita kuwa Barakatu ba ta da wata biyun da za ta bayar. Bazara ta kai maƙura, kullum da la'asar hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Gonarsu ɗaya ce, can bakin dajin Falgore, kuma namiji ɗaya ne a gidan. Tun da Mainasara ya karɓi baftisma shekara uku da suka wuce, ya ce shi ya bar tsafin gona, wansa Nomau ya cire shi daga gandun gidansu, ya yanka masa wannan fili mai tsakuwa, ya ce ya je Allahn Turawa ya taya shi noma. 'Ya'yansu uku duk mata, babbar ba ta wuce shekara bakwai ba, ita kanta ga ciki wata takwas. In ruwan shuka ya sauka Mainasara yana kwance, yunwa ce ta yi musu sallama. Amma kurkunun ya sirance, ya kusa ƙarewa. Kwana biyar ko shida kawai take roƙo.

Ana cikin haka aka shiga Mako Mai Tsarki, makon da ke kaiwa ga bikin Ista, shekara uku kafin mulkin kai. Ranar Talata da hantsi sai ga Malam Mudi, katikis ɗin ƙauyensu na Gidan Kanya, wato mai koya musu addini da jan addu'a in babu Fada, limamin coci. Ya shigo da farar rigarsa da littafi a hammata, yana tafiya kamar shi ya gina garin Tudun Wada.

"Gafara dai masu gida."

"Maraba da Malam. Ina kwana? Ina gajiya?"

Aka gaisa, aka ba shi tabarma. Ya ce albishir ya kawo. Bana Fada zai yi Alhamis da Juma'a a nan Gidan Kanya, abin da ba a taɓa yi ba. Kuma sabon tsari ya zo daga Rum: ranar Alhamis Mai Tsarki, a tsakiyar Mas, babbar addu'ar coci, Fada zai durƙusa ya wanke ƙafar maza goma sha biyu, kamar yadda Yesu ya wanke wa manzanninsa kafin a kama shi. Maza masu baftisma da auren coci a ƙauyen, in an sa Mainasara, goma sha biyu ne cif.

Barakatu ta ce, "Malam, ai ka ga ƙafar."

"Ruwa ne kawai za a zuba a goge. Ke ma ba kullum kike jiƙa ta ba?"

"To, a wanke masa ta hagu."

Malam Mudi ya dube ta kamar ta tofa masa yawu. "Hagu? Littafi ya ce dama. Ke ko ludayi ne za ki miƙa wa babba da hagu? Balle Fada yana durƙushe a ƙasa, a gaban bagade, a miƙa masa ƙafar hagu? Haba Barakatu, kada ki ja mana abin faɗa."

"To ka gaya wa Fada akwai kurkunu, ya bi a hankali."

"Wannan kuma aikina ne. Zan gaya masa."

Ta juya ga mijinta, tana jiran ya ce uffan. Ina! Bawan Allah yana zaune yana murmushi, yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu. Mutum ne da tun da aka haife shi ba a taɓa zaunar da shi a gaban jama'a ba. A gidansu shi ne ƙarami, a coci kullum yana layin baya. Ya ce a hankali, "Bar shi, Barakatu. Abin Allah ne."

Kafin Malam ya tafi ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu, ya ce wannan baƙin tsumman ba zai shiga gaban bagade ba, a ɗaure da wannan, a rufe karan gaba ɗaya kada a gani. Barakatu ta karɓa ranta a ɓace. Da ta san dalili, da a fuska za ta jefa masa. Shekara biyu ke nan Fada yana ce wa Malam Mudi ya sa mutane su riƙa tace ruwan sha da ƙyalle, shi kuma yana ce wa Fada an yi, kurkunu ya ƙare a Gidan Kanya. Yanzu da wane baki zai ce ga shi a ƙafar ɗaya daga cikin manzanni? Bai gaya masa ba. Ko niyya bai yi ba.

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya coci ta cika har waje. Ɗaki ne dogo na jinka, maza a dama, mata a hagu, zafi kamar a bakin murhu. An lulluɓe gicciye da ƙyalle. Aka kaɗa ƙararrawa da ƙarfi sau ɗaya a farkon Mas, Malam ya sanar cewa daga nan ta yi shiru sai Ista. Fada Bature ne matashi, dogo, ja kamar gauta, rana ta gasa masa wuya a kan babur tun daga Kano. Ya yi ta addu'a da Latin, ya yi wa'azi da 'yar Hausarsa, sannan ya tuɓe babbar rigar Mas, ya ɗaura tawul a ƙugu.

Maza goma sha biyu suna jere a kan benci biyu, kowa ya miƙo ƙafar dama. Barakatu ta kutsa har layin gaba na mata, tana riƙe da ƙugu. Mainasara ne na tara.

Fada ya durƙusa gaban na farko. Malam Mudi yana riƙe da buta da kwano. Aka zuba ruwa, Fada ya goge, ya ja gwiwa zuwa na biyu. Coci ta yi tsit. Tsofaffi suna ta girgiza kai, don ba su taɓa ganin Bature a ƙasa baƙar fata a kan kujera ba. Wata tsohuwa kusa da Barakatu har da hawaye. Ita kuwa idonta yana kan tawul ɗin. Ta ga yadda mutumin nan yake gogewa, da zuciya ɗaya, da ƙarfi, kamar mai wanke tukunyar miya. Wannan ba hannun wanda aka gaya wa komai ba ne.

Ta kalli Malam Mudi. Ya kau da kai.

Da Fada ya iso kan Mainasara ya ga farin ƙyalle a idon sawu, sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauka ciwo ne irin na manoma, sartse ko tuntuɓe. Maimakon ya taƙaita, sai ya ƙara himma, don ya nuna ba ya ƙyama. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya sa aka ƙara ruwa. Ƙyallen ya jiƙe ya saki. Ya naɗe ƙafar da tawul har idon sawu, ya murza, ya ja.

Barakatu ta buɗe baki, amma kafin murya ta fito ta ga ɗan karan ya faɗo cikin kwano.

Shi Mainasara ko motsi bai yi ba. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa, ya ciji leɓe. Namiji ne wai, a gaban surukansa da Fada da bagade, ba zai ce wash ba. Jama'a, ku ji wauta! Tun lokacin da ruwa ya kwance ƙyallen ya ji, da ya janye ƙafar ko da tsawon yatsa ɗaya ne da an tsira, amma kunya ta hana shi. Fada ya ɗago ya yi masa murmushi, shi ma ya mayar masa. Malam Mudi ya sa yatsa ya tsame karan daga kwano, ya yar a bayan benci. Aka wuce kan na goma.

Da aka tashi, Barakatu ta tsaya har mutane suka ragu, ta durƙusa da ƙyar ta lalubo karan, ta ƙulle a bakin zane. A hanyar gida mijin ya ce, "Wataƙila dama ya ƙare, ɗan guntu ne ya rage."

"Rufe mini baki," in ji ta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa gaya masa haka ba.

Kafin gari ya waye ƙafar ta haye har gwiwa, tana sheƙi, ba a iya taɓa ta. Zazzaɓi ya rufe shi. Barakatu ta dafa ganye ta gasa masa, ta shafa man shanu, duk a banza. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon gabas, zuciyarta tana tafasa. Ta rasa wa za ta fara ci wa mutunci: Malam maƙaryaci, ko Bature mai hannun jaki, ko wannan da ke kwance yana nishi, wanda ya sayar da abincin shekara don a ce ya zauna a benci.

Ƙarfe uku na Juma'a aka buga katako maimakon ƙararrawa, aka taru don tuna mutuwar Yesu. Barakatu ta tafi. Bagade tsirara, babu ƙyalle babu fitila. Bayan dogon karatu Fada ya yaye lulluɓin gicciye kaɗan-kaɗan har sau uku, ya cire takalmansa, ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun Yesu. Maza suka bi layi ba takalmi, sannan mata. Malam Mudi yana tsaye a gefe da ɗan farin ƙyalle, duk wanda ya sumbata sai ya goge wurin, a hankali, da kan yatsa, kamar mai share wa jariri ido.

Barakatu ta iso. Ta durƙusa da cikinta, ta sumbaci ƙafafun, don ita ba ta da faɗa da wanda ke jikin gicciyen. Malam ya miƙo hannu ya goge. Sai ta ƙi tashi.

"Ashe ka iya a hankali, Malam," ta ce, da muryar da aka ji har waje.

"Barakatu, tashi. Nan ba wurin magana ba ne."

"Ina ne wurin maganar? Na yi maka a gida, ka ce aikinka ne." Ta kwance bakin zane, ta ɗaga karan da farin abin naɗe a jikinsa, ta miƙa shi saitin fuskar Fada. "Fada, ka san wannan? Kurkunu ne. Sama da kwana ashirin ina jansa daga ƙafar maigidana. Jiya ka katse shi da tawul ɗinka. Na ce a wanke hagu, aka ce littafi. Na ce a gaya maka, aka ce za a gaya maka. An gaya maka?"

Mata suka fara "Subhana", wata ta ja mata zane, ta fizge. Fada ya dubi karan, ya dubi Malam Mudi, ya yi masa tambaya da Turanci. Malam ya sunkuyar da kai ƙasa. Jan fuskar Fada ya koma fari fat.

"Yanzu yana kwance," in ji Barakatu. "Ruwa yana hanya. Wa zai shuka mana? Littafin?"

Ta ajiye karan a kan farin ƙyallen da ke hannun Malam, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fita ba ta jira ƙarshen addu'a ba.

Ana tashi Fada ya zo gidan da kansa, Malam yana biye kamar kazar da ruwa ya daka. Ya sake durƙusawa gaban ƙafar nan, ya duba, ya ba da ƙwayoyin magani farare, ya ce a nemo wanzami ya tsaga in ta nuna. Ya ce, "Ki gafarta mini, mama. Ban sani ba." Har idonsa ya kawo ruwa. Wannan haƙurin shi ya fi ƙona mata rai, don mutum ya yi maka ɓarna kuma ya hana ka inda za ka sauke fushi. Mainasara kuwa daga kwance yana ta cewa, "Ba komai Fada, ba komai." Ba komai! Kamar shi zai ji kukan yara a watan bakwai.

A gabanta Fada ya umarci Malam Mudi cewa sauran maza goma sha ɗayan su noma gonar Mainasara bana. Malam ya ce to. Ranar Asabar da hantsi Fada ya hau babur ya tafi, don a babbar coci ake jiransa da Ista.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwari ya kawo. Ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ruwan shuka ne, ko makaho ya ji ƙamshinsa.

Lahadi da sassafe Barakatu ta ɗauki ƙwaryar iri ta nufi gidan Malam Mudi. Ta same shi yana goge takalmi.

"Malam, ina kwana. Ga iri. A tara mutanen."

"Yau? Yau Ista, Barakatu. Ko Lahadin yau da kullum ba a ɗaukar fartanya, balle ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu."

"To gobe."

Ya sosa ƙeya. "Gobe kin san kowa tasa zai fara. Ba zan iya hana mutum gonarsa ba. Jibi su ƙarasa. Laraba, in Allah ya yarda, mu zo miki gaba ɗaya."

"Laraba? Ka san gonar nan. Tsakuwa ce, kwana biyu laima ta gudu."

"Ai wani ruwan zai zo. Ki yi haƙuri, ki ba da gaskiya."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da ya ce Laraba a kan shuka, me zai ce a noman fari, lokacin da ciyawa ke cin gonar kowa? Me zai ce a maimai? Ta ga damina gaba ɗaya a fuskarsa, Laraba bayan Laraba. Ta ce, "Allah ya isa, Malam," ta juya.

A mararrabar hanyar gona ta ci karo da Nomau, wan mijinta, da samarin gidansa takwas, kowa da sungumi a kafaɗa, mata suna biye da ƙoren iri. Su ba ruwansu da Lahadi. Ta rusuna.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, amaryarmu. Yaya mai jiki? An ce Bature ya wanke masa ƙafa." Samarin suka tuntsire da dariya. Ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ya dubi ƙwaryar da ke kanta, ya dubi cikinta, fuskarsa ta canza. "Ke kaɗai za ki?"

Ta gyara ƙwaryar a kanta.

"Ni ban kori ɗan'uwana ba, shi ya kori kansa. Uwa ɗaya muka sha. Amma gonar da ba a ba Uwargona, iskar gona, jininta ba, 'ya'yana ba sa taka ta, kin san wannan. Ki kawo jan zakara daga gidansa, da hannunki, a yanka a bakin gona kafin rana ta take. In an yi haka, shuka da noma da maimai har girbi, a wuyana. In ba haka ba, ki gaishe shi."

Ya wuce da mutanensa.

Tana shiga gida ƙararrawar coci ta ɓarke bayan shirun kwana uku, ana jiyo mata suna rera Halleluya. Ita ma ta iya waƙar. Ita ma da ƙafarta ta je aka zuba mata ruwan baftisma, ba wanda ya ja ta, kuma har ga Allah ta ba da gaskiya. Wannan ne ya sa hawayen da ke zubo mata suke da zafi. Ta ajiye ƙwarya, ta watsa tsaba a bakin akurki, kaji suka taru. Ta yi wuf ta cafke jan zakaran ta fukafukai.

Kukansa ya sa Mainasara ya jawo jiki zuwa bakin ƙofar ɗaki. Ya ga zakaran, ya ga fuskarta. Ba sai an gaya masa ba, a gidan tsafi ya girma.

"Barakatu. Ina za ki da shi?"

"Gona."

"Don girman Allah ki sake shi. Yau Ista. Shekara uku na riƙe, an zage ni, an raba ni da gidanmu, ban ba da ko gashin kaza ba. Kada ki yi mini haka ina kwance."

"Ni na kwantar da kai? Na ce hagu, ka ce abin Allah ne. Ka ji ƙyalle ya kwance, ka zauna kana yi wa Bature murmushi. Da ka miƙa ƙafar nan ka tambaye ni? Ka tambayi yaran nan? Ƙafar taka ce kai kaɗai?"

"Mutanen coci za su zo. Fada ya ce..."

"Laraba," in ji ta. "Malam ya ce Laraba."

Shi ma manomi ne, ya san gonarsa. Ya ce, "Duk da haka. Gara mu ci ganye."

"Kai za ka ci, ko su?" Ta nuna 'yan matan uku da suka raɓe a jikin rumbu suna kallo. Ta ja da baya har tsakiyar gida, ta tsaya. "To ga ni, Maigida. Taku goma ne. Tashi ka karɓa. Wallahi in ka iso inda nake na sake shi, mu ci ganyen tare, ba zan ƙara cewa komai ba."

Ba gatse take yi ba, har cikin ranta so take ya iso. Mainasara ya kama dogarin ƙofa da hannu biyu, ya miƙe a kan ƙafar hagu, jikinsa yana karkarwa. Ya sauke ta dama a ƙasa. Ƙarar da ya hana kansa yi ranar Alhamis ta fito yanzu, ya zube a kan gwiwa. Ya sake kama ƙofar, ya sake miƙewa, ya yi taku ɗaya, ya faɗi rubda ciki a cikin taɓo. Ƙaramar yarinyar ta fashe da kuka. Ya ja jiki da gwiwar hannu kamar taku biyu, sannan ya kifa goshi a ƙasa.

Barakatu ta jira har ya daina ƙoƙari. Ta ce wa babbar 'yar ta kawo wa babanta ruwa, ta gyara zakaran a hammata, ta ɗauki ƙwaryar iri ta kama hanyar gona.